Ƙosawar ruwa da taki a kwarin Haɗejiya da Jama'are

Ƙosawar ruwa da taki wani nau'in gurɓatar ruwa ne da ke faruwa idan sinadaran da tsirrai ke ci, musamman naitirojin da fosfaras, suka yi yawa a kogi ko tafki ko madatsar ruwa. Gansakuka da ciyayin ruwa sai su yi ta tofowa fiye da kima, daga baya ruɓewarsu ta cinye iskar oksijin da kifi da sauran halittun ruwa ke shaƙa. Masana kimiyya suna kiran lamarin yutirofikeshan, daga wata kalmar Girkanci mai nufin "wanda ya ƙoshi". Sinadaran kan fito daga takin zamani da ruwan sama ya wanko daga gonaki, da kashin dabbobi, da bahayar mutane, da dagwalon masana'antu.

A arewacin Najeriya, kwarin kogunan Haɗejiya da Jama'are na daga cikin wuraren da matsalar ta fi fitowa fili. Kogunan biyu suna kai ruwansu wuri ɗaya, amma halinsu ya sha bamban. An datse Haɗejiya da manyan madatsu, kuma shi ke ɗauke da dattin birnin Kano. Jama'are, wanda ya ratso ta kudancin Jigawa inda Birnin Kudu da Gwaram da Farin Dutse suke, har yanzu yana cika da damina ya janye da rani. Wannan bambanci ya nuna cewa ɓarnar da taki ke yi a ruwa ta dogara ne ga abu biyu: yawan abin da aka zuba, da kuma ko ruwan yana tafiya ko yana kwance.

Yadda abin ke faruwa

Kowane ruwa yana buƙatar ɗan abincin tsirrai. Gansakuka da ƙananan tsirran da ido ba ya gani su ne tushen abinci a ruwa: ƙwari da ƙananan halittu su ci su, ƙananan kifaye su ci waɗannan, manya su ci ƙanana. A tafkin da ba a taɓa ba, abin da ke hana gansakuka wuce gona da iri shi ne ƙarancin fosfaras, wani lokaci kuma ƙarancin naitirojin. An tabbatar da haka a shekarar 1973 a lardin Ontariyo na ƙasar Kanada, inda masanin tafkuna David Schindler da abokan aikinsa suka raba wani tafki gida biyu da labulen roba. Ɓangare ɗaya suka zuba masa naitirojin da kabon, ɗayan kuma suka ƙara masa da fosfaras. Wanda ya samu fosfaras ya rufe da koren gansakuka, ɗayan ya zauna kusan yadda yake. Hoton wannan tafki ya taimaka wajen sa ƙasashe da dama rage fosfat a garin sabulun wanki.

Idan gansakuka ta yaɗu, farkon abin da take yi shi ne tare hasken rana, tsirran da ke ƙasan ruwa su mutu. Da rana tana fitar da oksijin, har ruwan ya cika da shi, amma da dare ita ma shaƙa take yi kamar kowace halitta. Saboda haka iskar kan yi ƙasa sosai gab da asuba, kuma a wannan lokaci ne ake ganin kifi ya taso sama yana haki. Gansakukar ba ta daɗewa a raye. In ta mutu ta nutse, ƙwayoyin bakteriya su hau ruɓar da ita, su ma suna cin oksijin. Idan iskar ta gaza miligiram 2 a kowace lita, yawancin kifaye ba sa iya zama a wurin. Mai iya gudu ya gudu, wanda ke cikin rufaffen tafki ya mutu.

Zafi yana ƙara tsananta lamarin. Ruwa mai ɗumin digiri 20 a ma'aunin Salshiyas yana iya riƙe kimanin miligiram 9 na oksijin a lita, amma a digiri 30 abin da yake riƙewa bai wuce 7.5 ba, ga shi kuma ruɓa ta fi sauri a zafi. Shi ya sa a ƙasar Hausa lokacin da ya fi haɗari shi ne bazara, daga Maris zuwa Mayu, sa'ad da ruwa ya ja baya ya yi ɗumi, da kuma ranakun ruwan farko, wanda ke kwaso dattin da ya taru tsawon rani ya zuba a tafkin da dama yana kan gaɓa.

Akwai kuma wani abu da ke sa matsalar ta daɗe ko da an daina zuba datti. Fosfaras yana maƙalewa a laka. Muddin akwai oksijin a ƙasan ruwa, ƙarfen da ke cikin lakar yana riƙe shi. Da zarar iskar ta ƙare, sai lakar ta sake shi ya dawo cikin ruwa, gansakuka ta samu sabon abinci. Tafkin da ya kai wannan matsayi yana ciyar da cutarsa da kansa har shekaru. Baƙar laka mai warin ruɓaɓɓen ƙwai alama ce ta cewa ƙasan ruwan ya rasa iska.

Kwarin da rassansa biyu

Kogin Haɗejiya yana samuwa ne daga haɗuwar kogin Kano da kogin Challawa a kusa da Tamburawa, kudu da birnin Kano. Daga nan ya bi ta Wudil, ya shiga Jigawa, ya wuce garin Haɗejiya, sannan ya rarrabu cikin fadamun Haɗejiya da Nguru. Kogin Jama'are, wanda ake kira Bunga a sashensa na sama, ya taso daga tsaunukan Jos, ya ratsa jihar Bauchi da yankin Gwaram, ya bi ta Jama'are da ƙasar Katagum. A wajen Gashuwa rassan biyu ke haɗuwa su zama Komadugu Yobe, wanda ke zuba a Tafkin Chadi.

An kammala madatsar Tiga a kan kogin Kano a 1974, ta Challawa kuma a 1992, kuma su biyun suna riƙe da mafi yawan ruwan reshen Haɗejiya. Hukumar Raya Kogunan Haɗejiya da Jama'are, wadda aka kafa a 1976, ita ke kula da su. Fadamun da ke ƙasa suna da muhimmanci ga noman shinkafa da kamun kifi da kiwo, kuma masauki ne ga tsuntsayen da ke ƙaura daga Turai a lokacin hunturu. An sa tafkin Nguru da mashigar Marma cikin jerin fadamun duniya na yarjejeniyar Ramsar a shekarar 2000, dajin Baturiya kuma a 2008.

Reshen Haɗejiya da dattin Kano

Mafi yawan unguwannin Kano ba su da babbar magudanar ƙarƙashin ƙasa da ke kai ƙazanta matatar ruwa. Ruwan wanka da wanke-wanke da abin da ya tsiyayo daga masai kan bi kwata ya faɗa rafi. Kogin Jakara ne ke ɗaukar kaso mai yawa na wannan, haɗe da jini da tumbi daga mayanka. Littafin Tarihin Kano ya ambaci kurmin Jakara da baƙin ruwansa tun zamanin Barbushe; baƙin da ruwan yake da shi a yau dalilinsa daban ne. A gaba rafin Getsi ya haɗe da shi ɗauke da dagwalon masana'antun Bompai, su zuba a madatsar Wasai da ke Minjibir. Masu lambu a gefen Jakara, irin su na Kwakwaci, suna shayar da latas da alayyafo da kabeji da wannan ruwa, domin ruwa ne da taki a haɗe kuma ba ya ƙafewa. Ganyen yana yin kyau, amma binciken jami'o'i, ciki har da na Jami'ar Bayero, ya sha nuna ƙarafa masu guba a ruwan da ƙasar da amfanin.

A kudancin birnin, masana'antun Sharaɗa da Challawa, musamman na jimar fatu da na saƙa, suna sakin ruwansu zuwa kogin Challawa. Ruwan jima yana ɗauke da kuromiyam da gishiri da sinadarin salfaid, ga kuma nama da gashi da kitse da aka kankare daga fata. Waɗannan na ƙarshe suna cin oksijin kai tsaye idan suna ruɓewa, tun kafin a zo maganar gansakuka. Kuromiyam kuwa ba ya ruɓewa. Yana kwanciya a laka, ya shiga jikin halittun da ke kiwo a ƙasan ruwa. Mashigar ruwan matatar Tamburawa, wadda birnin ke sha daga gare ta, tana yankin da waɗannan koguna ke haɗuwa.

Tushe na uku shi ne noman rani. Aikin ban-ruwa na kogin Kano, a Kadawa da Kura da Bunkure da Garun Malam, da na kwarin Haɗejiya a wajen Auyo, suna noma shinkafa da alkama da tumatir a dubban kadada. Ruwan da ya rage a fangali yana komawa kogi da ragowar yuriya da kamfa da maganin feshi. A ƙididdigar duniya, amfanin gona ba ya cin ko rabin naitirojin da ake zuba masa. Sauran ko ya tashi sama, ko ya nutse ƙasa, ko ya bi ruwa.

Kachala

Babbar alamar lalacewar reshen Haɗejiya ita ce kachala, doguwar ciyawar ruwa da masana ke kira Typha domingensis. Tana kai tsawon mita uku ko fiye, kai ɗaya yana fitar da iri sama da 100,000 da iska ke ɗauka, kuma saiwarta tana yaɗo a ƙarƙashin laka tana tsiro da sababbin karare. Ciyawar ba baƙuwa ba ce a yankin. Abin da ya sauya shi ne kogin.

Kafin a gina Tiga, Haɗejiya yakan cika da ƙarfi a Agusta da Satumba, ya kwashe yashi da ciyayi daga hanyarsa, sannan ya bushe da rani har a taka shi da ƙafa. Kachala ba ta jure dogon fari, ba ta kuma jure ruwa mai zurfi da ƙarfi. Bayan madatsun sai ambaliyar ta ragu, aka kuma riƙa sakin ruwa kaɗan-kaɗan duk shekara domin noman rani da shan birni. Aka samu abin da ciyawar ke so: ruwa marar zurfi, mai tafiya a hankali, wanda ba ya ƙafewa, ga laka mai taki. Masu bincike sun fi ɗora alhakin yaɗuwarta a kan wannan sauyin gudu, amma rawar taki ba ƙarama ba ce. A fadamar Everglades ta jihar Fulorida a Amurka, wannan nau'in ciyawa ɗin dai ya mamaye wuraren da fosfaras daga gonakin rake ya shiga, ya kori ciyawar asali.

Kachala tana rage gudun ruwa, laka ta kwanta a gindinta, ita kuma ta ƙara samun wurin tsiro. A haka mashigai irin su tsohon kogin Haɗejiya da Burum Gana da kogin Kafin Hausa suka toshe ko suka ƙuntata. Ruwan da ya rasa hanya ya karkata zuwa mashigar Marma da tafkin Nguru, ya kwanta a gonakin da a da suke bushewa a noma su, alhali ƙasa da nan, wajen Gashuwa, abin da ke isa daga Haɗejiya ya ragu ƙwarai. Wasu ƙauyukan Guri da Kiri Kasamma da Nguru suna kukan ruwa ya cinye musu gona, wasu kuma suna kukan bai zo ba, duk a kogi ɗaya.

A cikin kurmin kachala kwalekwale ba ya wucewa, ba a jefa birgi, ba a jan koma. Matattun kararen da ke ruɓewa a ƙasa suna cinye iska. Tsuntsayen jan-baki suna kwana suna ƙyanƙyasa a ciki, su fito garke-garke su faɗa wa shinkafa da gero da dawa. Sauro da katantanwar da ke ɗauke da tsargiya su ma sun samu mafaka. Ƙona ta ba ya kashe ta, domin saiwar tana ƙarƙashin laka. Abin da ya fi aiki shi ne a yanke karan a ƙasa da fuskar ruwa, ruwa ya shiga ramukan da take shaƙar iska da su, saiwar ta shaƙe. Aiki ne mai wuya, kuma sai an maimaita.

Irin wannan ya faru a kogin Senegal bayan an gama madatsar Diama a 1986. Kachala ta rufe bakin kogin, tsargiyar hanji kuma ta ɓarke a garin Richard Toll cikin 'yan shekaru.

Reshen Jama'are: Birnin Kudu, Gwaram da Farin Dutse

Farin Dutse gari ne kuma mazaɓa a ƙaramar hukumar Gwaram, wadda ita da Birnin Kudu suke kudancin Jigawa, a masarautar Dutse, kan iyaka da jihar Bauchi. Ƙasar nan ta bambanta da jigayin yashi na arewacin jihar. Ƙasa ce ta duwatsu da fa, ta fi samun ruwan sama, kuma ƙoramunta suna gangarawa zuwa Jama'are. Babu rukunin masana'antu irin na Kano a yankin, saboda haka gurɓatar ba ta da bututu guda da za a nuna a ce ga shi. Tana zuwa ne kaɗan-kaɗan daga ko'ina, irin wadda ta fi wuyar aunawa da wuyar hanawa.

Hanya ta farko ita ce zaizaya. A gangaren dutse ruwan Yuli da Agusta ba ya tsayawa ya nutse. Yana gudu da jar ƙasa, fosfaras kuma yana tafiya maƙale da ƙwayoyin ƙasar. Naitirojin narkewa yake yi, ya bi ruwan sama ko ya sauka cikin ruwan ƙasa. Manomin da ya watsa yuriya a kan masara da yamma aka kwana ana ruwa, ya yi asarar kuɗinsa, ƙorama kuma ta samu abin da ba ta nema ba. Sare itatuwan bakin rafi da noma har gaɓa suna cire shingen da a da yake tace wannan ruwa.

Ta biyu ita ce fadama. Tun daga shirin raya fadama na ƙasa da aka fara a farkon shekarun 1990 da tallafin Bankin Duniya, ƙananan injinan ban-ruwa da gajerun rijiyoyi sun yawaita a bakin koguna. Ana noma tumatir da albasa da attaruhu da shinkafa, kuma waɗannan su ne amfanin da ake zuba wa taki da maganin feshi fiye da kowanne. Matsakaicin takin da manomin Najeriya ke amfani da shi kaɗan ne in an kwatanta da Asiya ko Turai. Taron Abuja na 2006 ma kira ya yi da a ɗaga na Afirka daga kilo 8 zuwa kilo 50 a kadada. Gonar tudu a Gwaram yunwar taki take yi. Sai dai ɗan takin da ake samu yana taruwa ne a siririn filin da ke manne da ruwa.

Ta uku ita ce ƙazantar gari da ta dabbobi. Shanu suna sha suna kashi a mashaya ɗaya duk rani. Kusan kowane gari yana da kududdufi, ramin da aka haƙi ƙasar gini, wanda kwatocin unguwa ke zuba a ciki. Kududdufi shi ne misalin ƙosasshen ruwa da kowane yaro ya sani: kore shar da rani, kainuwa ta rufe shi, wari na tashi da yamma. A watan Oktoba na 2022 aka ayyana Jigawa a matsayin jiha ta farko a Najeriya da ta rabu da bahaya a fili, abin da ke rage ƙazantar da ruwan sama ke kwasa. Amma masai da aka haƙa kusa da rijiya, a wurin da ruwan ƙasa ba shi da nisa, yana tura naitiret cikin ruwan sha.

Da rani kogin yana tsinkewa ya bar tafkuna a kan yashi da ƙarƙashin duwatsu. A nan kifi ke fakewa har damina ta dawo, kuma a nan ƙosawar ke bayyana, domin ruwan ba ya tafiya, yana raguwa, abin da ke cikinsa yana ƙara kauri. Wasu masu kamun kifi suna ƙara wa tafkunan nan masifa da zuba guba. A da ganyen magimfa ake dakawa. Daga baya aka koma maganin ƙwari irin su Gamalin 20, wanda ke kashe babba da ƙarami da ƙwai da kwaɗi. Dokar kamun kifi ta cikin ƙasa ta 1992 ta haramta wannan.

Abin da ke ceton Jama'are shi ne ambaliyar shekara. Tana wanke tafkunan, ta tumɓuke ciyayi, ta shimfiɗa laka a fadamun Katagum da na ƙasa da su. Idan ruwa ya janye, wannan laka ita ce takin da ake noma shinkafa da wake da ita, kuma ciyawar da ta tsiro ita ce kiwon rani. Sinadarin da ke zama kachala a ruwa kwance, shi ne ke zama abinci a filin da ke jiƙa ya bushe. Tun da aka datse Haɗejiya, Jama'are ne ke kawo mafi yawan ruwan da ke isa Komadugu Yobe.

Illa ga kifi da mutane da dabbobi

Kifaye ba su yi daidai wajen jure rashin iska ba. Tarwaɗa tana da wata gaɓa a kanta da take shaƙar iskar sama da ita, gaiwa kuma huhu gare ta, saboda haka su kan rayu a ruwan da ya kashe saura. Karfasa tana da juriya daidai gwargwado. Giwan ruwa da irinsa masu son ruwa mai iska su ne ke fara ɓacewa. A farkon ƙosawa kamu yana iya ƙaruwa, tun da abinci ya yawaita, wannan kuma kan ruɗi masunta. Daga baya ne ire-iren kifin ke raguwa, a koma kama nau'i biyu ko uku.

Wani rukunin gansakuka, wanda a haƙiƙa bakteriya ne masu launin kore da shuɗi, yana fitar da guba mai lalata hanta ko jijiya. Tafasa ruwa ba ya kashe gubar hantar. A 2020 giwaye sama da 300 suka mutu a Botsuwana, hukumomin ƙasar kuma suka ɗora alhakin a kan irin wannan guba a tafkunan da suke sha. A Agustan 2014 an hana mutane kusan 400,000 na birnin Toledo a Amurka shan ruwan famfo na kwana uku saboda ita. Dabbar da ta sha daga tafkin da iska ta tara kumfar kore a gefensa ita ta fi shiga haɗari.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakar naitiret a ruwan sha a miligiram 50 a lita, saboda abin da ya wuce haka yana iya hana jinin jarirai ɗaukar oksijin. Game da tsargiya, wani bincike da aka yi a ƙauyukan arewacin Senegal, aka buga a mujallar Nature a 2023, ya nuna cewa taki yana ƙara ciyawar ruwan da katantanwa ke zama a ciki, kuma cire ciyawar daga mashaya ya rage kamuwar yara. Ciyawar da aka cire an mayar da ita takin gargajiya da abincin dabbobi.

A teku ma haka abin yake, sai dai girman ya fi. Takin da kogin Misisipi ke kwasowa daga gonakin masara na Amurka yana haifar da yankin da ba iska a Tekun Meziko kowace bazara. A 2017 faɗinsa ya kai kimanin murabba'in kilomita 22,700, kusan girman jihar Jigawa baki ɗaya.

Doka da matakan gyara

Najeriya ta kafa hukumar kare muhalli ta tarayya a 1988, bayan an gano dattin masana'antu mai guba da aka jibge a garin Koko. A 2007 hukumar NESREA ta gaje ta, ta kuma fitar da ƙa'idoji kan abin da masana'antun fata da saƙa za su iya saki. Ƙa'idojin suna nan a rubuce. Gina matatun dagwalo da tabbatar da suna aiki kullum shi ne inda aka fi samun tangarɗa. A matakin kwari, jihohin da ke shan kogunan sun kafa asusun haɗin gwiwa na Haɗejiya, Jama'are da Komadugu Yobe a 2006. Shirin TRIMING na Bankin Duniya ya tallafa wa gyaran hanyoyin ban-ruwa da binciken mayar da kachala iskar gas ta girki da abincin dabbobi, tare da Jami'ar Tarayya ta Gashuwa. Gwamnatin Jigawa ta sayi injinan haƙa masu aiki a cikin ruwa domin yashe kogin, ƙauyuka kuma suna yin gayya su buɗe mashigai da lauje da adda.

Kachala kanta tana tsotse naitirojin da fosfaras, shi ya sa a wasu ƙasashe ake dasa ta da gangan a tafkunan tace ƙazanta. In an yanke ta aka fitar da ita daga ruwa, an fitar da takin ke nan. In aka bar ta ta ruɓe a wurin, komai ya koma inda ya fito. A Muritaniya da Senegal ana yin gawayi da kayan rufin ɗaki da ita.

A gona, matakan da ke rage asarar taki su ne kuma ke rage wa manomi kashe kuɗi: a binne taki maimakon a watsa, a raba yuriya kashi biyu ko uku, kada a zuba idan hadari ya haɗo. Cibiyar ICRISAT ta yaɗa dabarar sa ɗan taki kaɗan a ramin shuka a Nijar, cibiyar IFDC kuma ta koyar da binne dunƙulen yuriya a fangalin shinkafa a Najeriya. Barin ciyawa da itatuwa a gaɓa, jera duwatsu a gangare, ware mashayar dabbobi daga inda mutane ke ɗiba, da nisanta masai daga rijiya, duk abubuwa ne da gari zai iya yi ba tare da jiran kwangila ba. Ga reshen Haɗejiya, masana ruwa sun daɗe suna ba da shawarar a riƙa sakin ruwa mai yawa daga Tiga da Challawa a lokacin damina domin a kwaikwayi ambaliyar da, a kuma bar kogin ya bushe na wani lokaci da rani. Wannan yana karo da buƙatar masu noman rani da ta birnin Kano.

Makomar reshen Jama'are tana rataye da madatsar Kafin Zaki a jihar Bauchi, sama da Gwaram. An fara aikinta a farkon shekarun 1980, aka tsaya a 1984, kuma duk yunƙurin da aka yi daga baya bai kai ga kammala ta ba. Bauchi tana son ta domin noman rani. Yobe da Borno suna adawa saboda tsoron ruwansu zai yanke. A farkon shekarun 1990, Edward Barbier da William Adams da Kevin Kimmage sun ƙididdige amfanin noma da kifi da itace na fadamun Haɗejiya da Nguru, suka gano cewa kowace mita ta ruwa da aka bari ta malala a fadama tana samar da abin da ya ninka wanda take samarwa a aikin ban-ruwa na kogin Kano. Masu adawa da Kafin Zaki suna kafa hujja da wannan ƙididdiga har yau, tare da nuna kurmin kachalar da ke mashigar Marma.